Yadda za ka gane gudun da kake yi yana aiki, ko da madubi bai nuna maka komai ba

Kukan da na fi ji a bakin waɗanda suka fara gudu a nan Jos kusan guda ɗaya ne. Mutum zai yi sati biyar ko shida yana fita bayan Asuba, ya sha sanyi ya sha tudu, sai ya tsaya gaban madubi ya ga tumbin nan yana nan daram inda ya bar shi, ya hau sikeli ya ga bai ragu ba wani lokacin ma ƙaruwa ya yi, shi ke nan gwiwa ta yi sanyi takalmi ya koma ƙarƙashin gado. Abin yana min ciwo wallahi, don mafi yawansu a daidai lokacin da suke ajiyewa jikin ya riga ya fara canzawa, kawai dai ba a wurin da suke dubawa ba. Gudu daga ciki yake fara aiki. Zuciya ce ke fara amsawa, sai numfashi, sai ƙafafu, tumbi da kumatu su ne 'yan ƙarshen layi. In ba ka da hanyar ganin abin da ke faruwa a ciki dole ka ɗauka wahalar banza kake sha. Hanyar nake so in nuna maka ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wani abu mai tsada za ka saya ba, littafi ne da biro da agogo da tef ɗin tela.

Kafin mu shiga, in kana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko asma ko sikila, ko shekaru sun ja kuma ka daɗe ba ka motsa ba, dan Allah ka fara ganin likita. Kuma duk ranar da kana gudu ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri yana ɗibarka, ka tsaya nan take, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Mataki na farko: littafi

Ka samu ƙaramin littafi irin na 'yan firamare. Waya ma za ta yi, akwai manhajoji irin su Strava da ke auna nisa da lokaci, amma ni na fi yarda da takarda don waya tana lalacewa tana ɓata, takarda kuwa kana buɗewa ka ga wata uku a gabanka lokaci ɗaya. Duk ranar da ka yi gudu ka rubuta kwanan wata, hanyar da ka bi, minti nawa ka yi, yanda barcinka ya kasance daren jiya, sannan ka ba wahalar da ka sha maki daga 1 zuwa 10, inda 1 tafiyar zuwa shago ce 10 kuma ka kusa faɗuwa. Makin nan zai yi maka amfani sosai nan gaba, kar ka raina shi.

A shafin farko ka rubuta dalilin da ya sa ka fara, tsakaninka da Allah. In tumbi ne ka rubuta tumbi, babu kunya a ciki. Amma a ƙasansa ka ƙara buri na biyu wanda ya shafi abin da jikinka zai iya yi, kaman ka haye tudun unguwarku ba tare da ka tsaya ba, ko ka yi minti 30 a jere, ko ka gama kilomita 5. Wannan na biyun shi zai riƙe ka a watannin da na farkon bai motsa ba.

Kwana uku a sati ya isa mai farawa, da ranar hutu a tsakani, kuma ka haɗa gudu da tafiya, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, kana ƙara gudun a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu. Ka ga ba kullum ake nema ba. Zuciya tana saurin sabawa fiye da ƙashi da jijiyoyin gaɓoɓi, shi ya sa za ka ji numfashi ya daidaita kana son ƙarawa amma ƙwauri da gwiwa ba su shirya ba, nan ne ciwo yake shigowa. Masu gudu da yawa suna bin ƙa'idar kar ƙarin sati ya wuce kashi ɗaya cikin goma na satin da ya gabata, ka riƙe ta.

Mataki na biyu: bugun zuciya da safe

Wannan shi ne shaida mafi sauƙin samu. Da ka farka, kafin ka tashi alwala, ka ɗan kwanta shiru na minti biyu musamman in ƙarar waya ce ta firgita ka, sai ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti ɗaya cif. Kar ka sa babban yatsa wurin ƙirgawa, shi ma yana da nasa bugun. Ka yi haka kwana uku a jere a satin farko ka rubuta, daga nan sau biyu a sati ya wadatar.

Babban mutum mai lafiya bugunsa yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti in yana hutawa, waɗanda suka daɗe suna gudun dogon zango kuwa nasu yakan sauka ƙasa da 60, wasu har wajen 40 da wani abu. Dalili shi ne zuciya tsoka ce, in ta ƙara ƙarfi jinin da take turawa a bugu ɗaya yana ƙaruwa, sai ta rage yawan bugawa. To in ka fara da 82 bayan wata biyu ka ga kana 75, ɗan'uwa gudunka yana aiki, ko sikeli ya yarda ko bai yarda ba. Haka kuma in ka ga ya haura abin da ka saba da kaman 8 ko 10 kwana biyu uku a jere, yawanci gajiya ce ko rashin barci ko zazzaɓi ke tafe, ka huta ranar.

Mataki na uku: hanya ɗaya ta gwaji

Nan zan daɗe don nan mutane suke ruɗa kansu. Jos gari ne na tudu da gangara, wanda ya yi kilomita 3 a shimfiɗaɗɗen titi wajen Rayfield da wanda ya yi kilomita 3 yana hawan Tudun Wada ba aiki ɗaya suka yi ba. In yau ka bi nan gobe ka bi can sannan ka kwatanta mintoci, ba abin da za ka gane sai ɓacin rai. Ka zaɓi hanya guda ɗaya wadda ka san farkonta da ƙarshenta, daga wannan kwanar zuwa wancan masallacin ko gidan man ka dawo, wadda za ta ɗauke ka minti 15 zuwa 25, ba cunkoson keke da mota. Ita ce hanyar gwajinka. Sauran ranaku ka bi duk inda ka ga dama, amma sau ɗaya duk sati uku ko huɗu ka dawo kanta, a lokaci ɗaya na safiya, da takalmi ɗaya, bayan ranar hutu.

Abu uku za ka duba a kanta. Na ɗaya lokaci, wannan kowa ya sani. Na biyu makin wahala, kuma shi mutane ke mantawa, in watan jiya ka gama a minti 22 da wahala 8, yau ka gama a minti 22 ɗin dai amma wahala 5, ka ci gaba sosai duk da agogo bai canza ba. Na uku yanda zuciya ke saurin dawowa, da ka tsaya ka ƙirga bugu na sakan 15 ka ninka sau huɗu, ka jira minti ɗaya ka sake ƙirgawa, ka rubuta tazarar da ke tsakani. Duk sanda jiki ke ƙara ƙarfi tazarar nan tana faɗaɗa, wato zuciya tana saurin natsuwa.

In kana da damar shiga filin wasa mai layin gudu akwai wani gwaji tsoho mai kyau, wani likita a Amurka mai suna Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968 don auna ƙarfin sojojin sama. Minti 12 za ka yi kana gudu iya abin da za ka iya riƙewa, sai a auna nisan da ka ci. Zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, don haka zagaye biyar kilomita 2 kenan. Ka ɗumama jiki da tafiya da sassarfa na minti goma kafin ka fara, kuma kar ka yi shi a watan farko, ka bari jiki ya saba. Sau ɗaya a wata biyu ya isa, yana da wahala.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar agogo ko kaɗan, wato magana. Mafi yawan gudunka ya kamata ya zama a saurin da za ka iya gaya wa abokin gudunka cikakkiyar magana ba tare da haki ya yanke ta ba. A farko wataƙila tafiya mai sauri ce kawai za ta ba ka haka. Ranar da ka ga kana sassarfa kuna hira da mutum har ka ba shi labari ya ƙare, ka rubuta ranar da manyan baƙi.

Sai maganar yanayi, kar ka kwatanta abin da ba ɗaya ba. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere ma sun haura 1,800, iskar da kake shaƙa a nan oksijin ɗinta ya ɗan yi ƙasa da na Legas, shi ya sa baƙon da ya zo daga ƙasa yakan ji haki ya fi yawa a kwanakin farko. Kai kuma in aiki ya kai ka Abuja ka fita gudu za ka tarar zafi ne ke cinka, bugun zuciya ya hau, saurin ya ragu, ba wai ƙarfinka ne ya zube a hanyar Akwanga ba. Ko a nan gida lokacin da ka yi a sanyin Disamba daban yake da na zafin Maris, ranar da hazon hunturu ya yi kauri ma numfashi ba ya daɗi. In azumi ya zo ka ja layi a littafin ka buɗe sabon shafi, ka rage gudu, ka mayar da shi dab da shan ruwa ko bayan an sha ruwa, kuma kar ka haɗa lissafin watan da na sauran watanni.

Mataki na huɗu: ka ajiye sikeli a matsayinsa

Bari in yi maka lissafi ka ga dalilin da ya sa sikeli yake nawa. A ƙiyasi mutum yana ƙona kalori, wato ma'aunin makamashin da ke cikin abinci, kusan daidai da nauyinsa a kowace kilomita, mai kilo 70 in ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen kalori 350. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Raba ka gani, gudun kilomita 5 sau 22 kenan kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi, in abincinka bai ƙaru ba. Kuma yawanci yana ƙaruwa don gudu yana buɗe ciki, robar lemo ɗaya mai santilita 50 ta haura kalori 200, ka ga fiye da rabin gudun safiyar ya koma a zama ɗaya.

Sannan nauyin mutum yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe ba tare da kitse ya motsa ba, ruwa ne da gishiri da abin da ke cikin hanji. Wanda ya fara tirenin jikinsa yana ƙara ajiye makamashi a tsoka, wanda ake kira glaikojin, kuma kowane gram ɗinsa yana riƙe ruwa kusan gram uku, ga ruwan jini shi ma yana ƙaruwa. Duk wannan alheri ne amma a kan sikeli nauyi zai nuna. Ƙari a kan haka tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya, don haka mutum zai iya tsukewa kilo bai sauka ba.

In za ka hau, sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe bayan ka zaga kafin ka ci komai, a sikeli ɗaya. Na masu yawo da shi a kasuwar Taminus da na kemis da na gidan abokinka kowanne da abin da zai gaya maka. Ka rubuta ka rufe littafi, sai an tara sati shida ko takwas sannan ka duba inda layin ya dosa. In kuma ka lura duk ranar da ka hau sai yininka ya lalace, ka bar shi gaba ɗaya, sauran awon sun ishe ka.

Mataki na biyar: tef, kaya da madubi

Tef ɗin tela ya fi sikeli gaskiya a maganar tumbi. Ka laluba ƙarshen haƙarƙarinka da saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu za ka zagaya tef, yawanci ɗan sama da cibiya kaɗan. Ka tsaya daidai, ka saki numfashi yanda ka saba, kar ka shanye ciki kar kuma ka matse tef ya shiga fata. Sau ɗaya a wata. Abin da likitoci ke so shi ne ƙugu ya zama ƙasa da rabin tsawonka, mai tsawon santimita 170 ƙugunsa ya zama ƙasa da 85. Kitsen ciki shi ne wanda ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini, don haka santimita biyu da suka tafi a nan sun fi kilo biyu na ruwa daraja nesa ba kusa ba.

Mu masu sa manyan kaya muna da wata matsala, kaftani da jallabiya da abaya ba sa gaya maka komai, wando mai zariya kuma duk yanda ka koma zai bi ka. Ka ware wando ɗaya mai maɓalli ko siket ɗaya da ya ɗan kama ka, ka riƙa gwada shi duk farkon wata. Ramin bel ma shaida ne.

Madubi kuwa, abin da ya sa ba ya nuna maka shi ne kullum kana kallonsa. Kaman yaron da ke girma a gidanka ne, kai ba ka ganin yana tsawo sai baƙon da ya shekara bai zo ba ya ce kai wane ne ya zama haka. Kuma ido yana zuwa ne kai tsaye wurin da ka tsana, ya tsallake sharaɓar da ta fara tauri da kafaɗar da ta miƙe. Ga hasken ɗaki, ga ko ka ci tuwo ko ba ka ci ba, duk suna canza abin da za ka gani. In kana so ka ɗauki hoto sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, kaya ɗaya, kar ka kalle shi sai an tara uku. Amma a kula, waya tana shiga hannun yara da mai gyara, musamman 'yan'uwa mata, in hoton ba wanda za ki yarda wani ya gani ba ne ki bar shi, tef da siket sun wadatar.

Abu biyu da gara ka sani tun yanzu don kar ranka ya ɓaci daga baya. Ba ka da ikon zaɓar inda kitse zai fara barin jikinka, wani fuska ke fara faɗawa, wani cinya, wani tumbi sai can ƙarshe, halitta ce da gado, kuma motsa jikin ciki ko sau ɗari ka yi tsokar ciki zai ƙarfafa ba zai narkar da kitsen wurin shi kaɗai ba. Na biyu, gudu ba ya gina ƙirji da damtse. In wannan kake so sai ka haɗa da ɗaga ƙarfe ko tashi-tsuguna da dafa ƙasa da hannu kana sauka kana ɗagowa, kwana biyu a sati, wanda dama yana kare gwiwa da baya.

Mataki na shida: bakin mutane

Wannan ya fi tudu wahala a wurin wasu. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da samu, da ka ɗan faɗa za a fara, lafiya kuwa, ko wani abu na damunka, ko matar ba ta ba ka abinci ne. Ka buɗe Instagram kuma ka tarar da wani awon daban, ciki a shafe, ƙirji a buɗe. Tsakanin biyun nan mutum sai ya rasa wane jiki ake so ya zama. Hotunan nan ka sani an zaɓi haske, an shanye ciki, an ɗauki da yawa an fitar da ɗaya, wasu ma an gyara su.

Haka kwatanta kai da 'yan tsere. Filato tana da masu gudun dogon zango da ake ji da su a ƙasar nan, musamman wajen Pankshin, kuma tun da aka fara gasar maraton ta Legas a 2016 ana jin sunayensu a sahun gaba cikin 'yan Najeriya. Ka gansu siri-siri kana ganin haka ya kamata ka koma. Eliud Kipchoge na Kenya da ya yi kilomita 42 a ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019 yakan yi gudun kusan kilomita 200 a sati, sana'arsa kenan, ga halitta. Kai da ke fita kwana uku a sati kafin ka buɗe shago ko ka tafi ofis, abokin kwatancenka shi ne kai na shafin farkon littafi. Mai gudu yana zuwa a kowace siffa, na ga masu jiki da suke haye tudu suna hira siraran suna baya suna haki.

Ka tanadi amsa gajera mai ladabi tun kafin a tambaye ka. In Hajiya ce ko Baba, lafiya lau Alhamdu lillahi, motsa jiki nake yi da safe kuma ina cin abinci sosai, a sa mana albarka. Yawanci tsoro ne ya sa suka tambaya, in suka ga kana ci hankalinsu zai kwanta. Abokai masu cewa wa ya biyo ka ko soja za ka shiga, murmushi ya ishe su. Sai dai fa kar ka toshe kunne gaba ɗaya, in kana ramewa da sauri fiye da gudun da kake yi, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da ya ƙi tafiya da zufar dare, wannan ba aikin gudu ba ne, ka je a duba ka.

Ke 'yar'uwa, naki lissafin yana da ƙari. Kwanakin da al'ada ta kusa jiki yana riƙe ruwa, ciki ya ɗan kumbura, sikeli ya hau, gudun ma ya yi nauyi, don haka ki riƙa awonki a lokaci ɗaya na kowane wata, kaman bayan kin yi wanka da 'yan kwanaki, ki kuma rubuta ranakun a littafin. Masu cewa gudu zai mayar da ke kaman namiji ba gaskiya suka faɗa ba, jikin mace ba ya tara tsoka haka. Hijabi mara nauyi da dogon wando da riga mai saki ba sa hana gudu, ki dai nemi rigar mama mai riƙewa sosai, kuma ki samu abokiyar fita ko muharrami, ya fi kwanciyar hankali. In kin haihu kar ki yi gaggawa don an ce ciki bai koma ba, galibi shawarar da ake bayarwa a jira kaman wata uku ana tafiya a ƙasa tukun, kuma likita ya amince. Abin da nake roƙonki da shi, in al'adarki ta ɗauke wata uku ba ciki ba, kar ki ɗauka alamar tirenin ya kama ne, sau da yawa yana nufin abincin da kike ci bai kai aikin da kike yi ba, kuma yana raunana ƙashi. Ki ga likita.

Abubuwan da za su ɓata maka lissafi

Sa leda ko rigar ruwa ko suwaita biyu don a yi zufa. Zufa ruwa ce, kana sha ta dawo, abin da za ka samu kawai jiri da wahalar da ƙoda. Shayin rage ƙiba da yawansu gudawa suke sawa. Abin ɗaure ciki yana matse numfashi ne kana cirewa komai ya koma. A ɗaya gefen kuma akwai masu jin an ce sun rame su ruga kemis su sayi sha-ka-fashe, wasu daga cikin ƙwayoyin nan irin su dexamethasone suna kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini, dan Allah a bari.

Yunwa ma ba hanya ba ce. Mai gudu yana buƙatar abinci, kuma Allah ya hore mana a Filato, ga dankalin turawa, ga acca, ga gwate, wake, ƙwai, nono, ganye da kayan lambu a wadace. Ka rage lemon kwalba da sugan shayi da yawan soye-soye, ka bar tuwonka. In ka ga kana hawa sikeli sau da yawa a rana, ko kana hana kanka abinci don ka hukunta kanka, ko kana fita gudu da ciwo don tsoron ƙiba, ko ka fara ƙaurace wa taron biki don kar a ga jikinka, abin ya tashi daga motsa jiki ya zama damuwa, kuma ana maganinta. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ka nemi likita, ba abin kunya ba ne.

Mataki na ƙarshe: zama da littafi bayan wata uku

Ka samu lokaci ka buɗe daga shafin farko. Ka jera abu biyar, bugun safe, lokacin hanyar gwaji, makin wahala, awon ƙugu, da mintocin da kake iya yi ba tsayawa. Ka ƙara da abubuwan da ba su da lamba, yanda kake hawa bene yanzu, barcinka, ko tsayuwar sallar dare ta yi sauƙi, ko kasalar bayan Azahar ta ragu. In biyu ko uku sun gyaru kana kan hanya, kar ka canza komai, ka ci gaba.

In ƙarfi ya ƙaru amma ƙugu bai motsa ba, maganar a kwano take, ka duba abin sha mai zaƙi da cin dare kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya. In ƙugu ya ragu amma lokaci ya lalace, bugun safe ya hau, kullum a gajiye, abinci ya yi kaɗan ko hutu ya yi kaɗan, ka ƙara ci ka rage gudun sati ɗaya da kaman rabi. In ba abin da ya motsa ko ɗaya, ka ƙirga ranakun da ka fita da gaske a littafin, sau da yawa za ka tarar sati biyu ana yi sati biyu ana fashi ne, gyaran shi ne ka tsayar da kwana uku da ba sa tashi ko da minti 20 ne. In kuwa ranakun sun cika, barci lafiya, abinci lafiya, amma haki da kasala sun ƙi tafiya, ka je a auna maka jini, ƙarancin jini yana yin haka musamman ga mata, a duba suga da hawan jini a tafiya ɗaya. Daga nan ka ja layi, ka rubuta sabbin lambobin a saman sabon shafi, ka sa ranar da za ka koma hanyar gwaji.